Majemin da Ke Ɗaga Jan Tsumma

Malam Tanimu, na karanta rahoton muhallin da ka rubuta wa kamfaninku daga bango har bango. Ka faɗi yawan itatuwan da kuka dasa da rijiyoyin da kuka haƙa wa unguwa, amma da na zo kan gurɓataccen ruwan da injinanku ke fitarwa sai na tarar da layi ɗaya tak, wai ana kula da shi yadda ya kamata. Ka ce alƙaluman suna hannunka, tsoro kake ji kada ka miƙa wa mutane sandar da za su doke ku da ita. To gyara zama. Akwai wani misali da ba na gajiya da bayar da shi.

Wasu majema biyu ne ke sana'arsu a bakin rafi ɗaya, can ƙasa da su kuma masu lambun albasa ne ke jan ruwan rafin zuwa fangalinsu. Ka san ruwan jima, ga toka, ga bagaruwa, ga gashi da kitsen da aka kankare daga fata. In ya shiga lambu da kaurinsa, ganyen albasa sai ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na farkon yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Duk ranar da zai juye kwatarniyarsa, tun da hantsi zai kafa doguwar gora a bakin ruwa ya ɗaura mata jan tsumma, domin na ƙasa su hango su toshe magudanarsu har ruwan ya wuce. In ya gama sai ya yi ƙulli ɗaya a wata igiya da ke rataye a rumfarsa. Na biyun kuwa ba gora ba tsumma. Ido yake faka ya tuntsurar da nasa, sannan ya leƙo yana zolayar maƙwabcinsa: "Allah ya shirye ka! Mutum ya yi ƙazanta, kuma ya kafa mata tuta?" Ba ƙarya ya yi ba, tsumman ya jawo wa mai shi baƙin jini. Masu lambu suna hango shi sai tsaki, shi kaɗai suka sani da ɓata ruwa.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rafi ya janye ya koma kamar zare. Aka wayi gari fangali arba'in sun ƙone ƙurmus. Masu lambu suka ɗunguma ƙofar dagaci, suka ce a yau sai mai jan tsumma ya bar bakin rafin. Wurin nan kuwa gadon ubansa ne, kuma babu wani ruwa kusa da zai koma ya ci gaba da jima. Da aka kira shi bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Igiyarsa ya shimfiɗa a gaban jama'a, ya ce ƙulli goma sha bakwai ne tun ɗaukewar damina, na ƙarshen kuma yau kwanansa tara.

Nan ne wurin daɗin, Malam Tanimu! Wani tsoho cikin masu lambun ya miƙe riƙe da gwangwani. Ashe duk ranar da tsumma ya tilasta masa toshe magudana, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki, don haushi, yana tara hujjar da zai kawo ƙara da ita wata rana. Ya zazzage a ƙasa da niyyar ƙaryata majemin. Aka ƙirga a gaban kowa, sha bakwai cif! Sai tsohon ya ce tsakani da Allah, a satin nan babu wanda ya ga tsumma a kan gora. Wanda ya zo tuhuma ya koma shaida.

Dagaci ya juya ga majemi na biyu. Shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko cokali ɗaya ban taɓa zubawa a rafin nan ba." Dagaci ya tambaye shi fata nawa ya jeme bana. Ya ce ɗari uku, har da ɗan murmushin alfahari. Dagaci ya ce, "Madalla. To ruwan fa, shanyewa kake yi?" Wurin ya ɓarke da dariya, har masu asarar albasa sai da suka dara. Kafin la'asar shi ne ya kwashe kwatarniyoyinsa. Mai jan tsumma ya ci gaba da zama a gadon ubansa, kuma tunda igiya ta nuna yawan ruwan da yake juyewa, masu lambun da kansu suka taya shi haƙa rami daidai da shi, inda ruwan zai kwanta dattinsa ya zauna kafin ya gangara.

Mu da aikinmu shi ne bin rahotannin kamfanoni muna tantancewa, wanda ya ce ba ya ɓata komai shi muke fara sa wa ido. Don haka koma ka rubuta alƙaluman yadda suke, lita nawa, a wane wata, ina ruwan yake zuwa, ka kuma bar wani na waje ya auna ya gani. Za a yi muku tsaki, ba shakka. Amma ranar da aka taru ana neman mai laifi, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.