Jirgin da Baba Ya Bar wa Ƙaramin

Anselmo ya danna rimot, 'yar bindigar da ya ɗora wa jirgin ruwansa na wasa ta yi aman ƙwallayen ƙarfe. Jirgin ƙanensa Ubaldo ya huje, ya fara shan ruwa a tsakiyar tafkin kulob ɗinsu na masu wasan yaƙi da ƙananan jiragen ruwa.

Jirgin da ya huje na mahaifinsu ne. Shekara ashirin Anselmo yana gyaransa, amma da tsohon zai rasu, ƙaramin ya bar wa.

"Ɗan lelen Baba, kunna famfo ka kwashe ruwan mana!" in ji Anselmo.

Ubaldo bai kunna ba. Ya cire hula har jirgin ya nutse.

"Na gode, Yaya. Tokar gawar Baba da aka ƙona ce a ciki. Nan ya so ya kwanta, kuma da hannunka. Ya ce in dai ni ya bar wa jirgin, ba za ka kuskure ba."