Ranar Da Misbahu Ya Ji Tsoron Allah

Misbahu yana gyara zaman taye a gaban madubin ofishinsa wayar Nelson ta shigo.

Shi ne manajan reshen bankinsu na Agege a Legas, kuma duk wanda ya san shi ya san ba da tsoron Allah ya hau kujerar nan ba. A Zango aka haife shi, bayan layin dogo, amma tun da ya fara sa kwat Hausa ta maƙale masa a wuya, ba ta fitowa sai in ya hango attajirin Abbatuwa, babbar mayankar shanu ta unguwar. Ya sha buɗe wa matattu asusu. Ya taɓa ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifinsa har aka kore shi, alhali matar bawan Allahn na da tsohon ciki. Shi a wurinsa wannan duk wayo ne.

Yanzu kujerar shugaban shiyya ta faɗi, mutum biyu ne a layi: shi da Hajiya Mastura, manajar reshen Mushin. In aka ambace ta sai ya taɓe baki. Mace ce mai dogon hijabi da ƙaramar murya, carbi ba ya barin yatsunta, ko a taro ba ta magana sai an tambaye ta. Ustaziya yake ce mata a bayan ido. A ganinsa islamiyya ce ta dace da irinta, ba banki ba.

Nelson kuwa ɗan Jos ne da ya fara aiki a Mushin kafin a mai da shi hedikwata. Gaisuwa kawai ke haɗa shi da Misbahu.

"Oga Misbahu, kar ka ce ni na faɗa maka," in ji Nelson, murya ƙasa-ƙasa. "Kafin a ba da kujerar nan za a gwada ku. Za a turo mutum da kuɗi, ya ce a buɗe masa asusu ba tambaya. Wanda ya karɓa ya faɗi. Kyamara za ta ɗauki komai."

Misbahu ya yi dariya har da buga tebur. Bai tsaya tambayar kansa me ya sa Nelson zai yi masa alheri ba. Shi dai ya san kowa na son ya raɓi mai tashe. A ranar ya aika aka sayo masa darduma a bakin masallaci, ya shimfiɗa ta daidai inda kyamara ke kallo.

Wata Laraba da hantsi, yana shigowa ya hango motar Mastura a gindin gadar Pen Cinema. Ya ce a ransa burodi ta zo saya, abin da ta iya ke nan.

Ba a jima ba aka shigo masa da wani Alhaji Mato, babban mutum cikin shadda mai tsada, bayansa ƙarti ɗauke da jakunkunan gana-mas-go cike da kuɗi.

"Oga da kansa, babban daraktanku, ya ce in zo wurinka," in ji Alhajin, bayan sun gaisa. "Ya ce kai ɗan gida ne, ba ka da yawan tambaya."

A duk shekarun Misbahu na aiki irin wannan kitse bai taɓa zuwa har bakinsa ba. Amma ya saci kallon kyamara, ya miƙe, ya wangale ƙofa don ma'aikata su ji.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ni aka ce maka ana saye? Amanar mutane ce a hannuna. Wallahi gara in koma tuƙa okada da in taɓa haram!"

Ya yi wa'azi har kumfa ta fito masa a gefen baki. Ya kawo batun kabari, ya kawo na hisabi. Masu karɓar kuɗi a kanta suka sunkuyar da kai, ba don kunyar Allah ba, don kar dariya ta kufce musu.

Alhaji Mato ya buɗe baki yana kallonsa. "Yaro, ka san da wa kake magana kuwa?"

Misbahu ya yaba masa a zuci. Ko a ina suka samo shi, ya iya wasan. Ya sa maigadi ya raka su waje, jakunkuna suka nufi wajen gada. Da yamma ya ce wa matarsa ta fara haɗa kaya, sun kusa rabuwa da Agege da warin Abbatuwa.

Ranar sanarwa ya isa hedikwata cikin sabuwar kwat. Ta gilashin ofishin Oga, babban daraktan bankin, ya hango Alhaji Mato zaune yana kurɓar shayi. Shi ke nan, magana ta tabbata, ɗan gida ne. Ya rusuna musu da murmushi har kunne. Babu wanda ya mayar masa.

A zauren taro aka kira sunan Hajiya Mastura. Shi kuma aka ce an mai da shi wani ɗan ƙaramin reshe a Mile 2, cikin hayaƙin manyan motoci.

A bakin lifta ya cim mata.

"Hajiya, akwai kuskure. Ni ne na ci jarrabawar nan, kowa ya gani!"

Ta ja carbinta a hankali, ta dube shi tun daga takalmi har taye.

"Wace jarrabawa, Malam Misbahu? Alhaji Mato surukin Oga ne, kuɗin na Oga ne, kai aka zaɓa aka fara kai wa. Da ka kore shi, a cikin motata na buɗe masa asusun. Sai dai ka gaishe min da Nelson, bai rage ko kalma ɗaya ba daga abin da na ce ya faɗa maka."