Layi a Wuya

Da tsuntsun da aka zana a takarda ya buɗe fukafukai ya tashi, sai gidan kallon ya kaure da tafi. Fim ne na rayuwar wani Bature da ya fara zane a ɗakin haya, ya ƙare da kamfanin katun da duk duniya ta sani.

"Da fensir kawai fa," in ji wani ɗalibin jami'a.

"Gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai," wani dattijo ya amsa daga baya.

Wani mutum na zaune a gefe yana jin su. Mai zanen allunan shaguna ne, aiki ya kawo shi Gashuwa. Tun yana yaro ubangidansa ya koya masa cewa duk mai ran da ka zana, ka ja masa layi a wuya, kada a tambaye ka ransa. Haka ya yanka shanun da ya zana wa mahauta da kajin da ya zana wa masu gashin nama. Haka ya riƙe hannun 'yarsa tana kuka, ya sa ta yanka kyanwar da ta zana.

Ya sayi kwalin fensir mai kala, ya hau motar Nguru zuwa gida. Yau zai ce mata ta bar su da ransu.

A zaure ta tarye shi da takarda.

"Baba, kai na zana."

Shi ne kuwa, har da tabon fenti a hula. Shi kansa bai iya fitar da fuska haka ba. Ga kuma layin a wuya, miƙe sambal. Wannan karon ba wanda ya riƙe mata hannu.