Kwano na Goma Sha Biyu

Narahari ya shafe safiyar Talata yana taje gemu. Sau uku ya canza mayafi, sau uku ya duba madubi ya ga ko ya yi kama da wanda ya gama da duniya.

Wasiƙa ce ta jawo. Swami Amalagiri, babban bawan Allah wanda mutane ke kwana a hanya don su ga fuskarsa, ya rubuto wa dattawan haikalin garinmu cewa zai zo Mallapura gaida gurunsa, malamin da ya buɗe masa ido. Bai faɗi suna ba. Ya dai ce gidan da ke gindin tsamiya kusa da tashar mota, inda ya fake kwana uku a wata damina, shekara ashirin da biyar da suka wuce.

Gida ɗaya ne a gindin tsamiyar nan, na Narahari. Ya kuma tuna baƙon sarai: wani ramammen matafiyi, jiƙe sharkaf, kwance a baranda, shi kuwa ya yi ta karanta masa littattafan magabata har muryarsa ta dishe. Ashe iri ya faɗa a ƙasa mai kyau! Ran da wasiƙar ta iso, kafin yamma babu wanda bai ji labarin daga bakinsa ba, har kurman telan bakin kasuwa.

Kada ku ga laifinsa da yawa. Shekara talatin yana zaune a barandar nan da tulin littattafai, gari na kiransa Malam Ci-ka-kwanta. Yau ce ranar da zai wanke kansa, ko kuma ya zama abin dariya har ya mutu.

Da Dasappa wanzami ya zo gyara masa gefen gemu, Narahari ya yi masa karatu kyauta. "Alamar mai sani uku ce. Yabo da zagi ɗaya ne a wurinsa. Samu da rashi ɗaya. Babba da ƙarami ɗaya."

"To, ranka ya daɗe," in ji Dasappa, "me ya sa ka yi wata biyu ba ka gaishe ni ba don na ce gemun nan ya yi kama da tsintsiya?"

"Aske, kar ka cika ni da surutu."

Abin da ya fi damunsa shi ne matarsa, Girija. A gefen gidan take sayar da shinkafa da miya ga direbobi da 'yan dako, muryarta har tasha ake ji. Macen nan ba ta san girma ba. Benci ɗaya take zaunar da mai kula da haikali da mai sharar titi, wanda ya ɓata rai ta ce masa ciki ba shi da dangi. Ka yabi miyarta ludayi biyu ne, ka kushe ta ludayi biyu ne. Shekarar da kogi ya kwashe mata madafa, da gari ya waye ta jera duwatsu uku ta hura wuta tana waƙa. Ko kwanukan tagullar da uwarsa ta bar musu, goma sha biyu cif, saura sha ɗaya, kuma duk sanda ya tayar da maganar sai ta ce kwano ai yana inda ake cin abinci da shi. Shi kam har yau abin na yi masa zafi.

"Yau dai ki rufe," ya ce mata daga bakin ƙofa. "Babban mutum zai zo, hayaƙi ya cika gida."

"Maigida, motar ƙarfe sha biyu ma za ta zo, mutum arba'in a ciki. Gemunka za su ci?"

Ya haƙura, ya sa aka rataya labule ya rufe ƙofar madafa.

Al'ada ce almajirin ilmi ya kwanta rub da ciki a gaban gurunsa, ya ɗora goshi a ƙafafunsa. Don haka Narahari ya wanke ƙafafu, ya shafe su da man kwakwa, ya zauna a kujera ya miƙe su yadda ba sai an nema ba. Ya lumshe ido, amma ya bar ɗaya a ɗan buɗe.

Rana tsaka aka ji ganguna. Rabin gari ya biyo wani siririn mutum mai jan mayafi, ba takalmi, rungume da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Dattawa suka ja baya, Dasappa ya hau tushen tsamiya don kar a ba shi labari.

Swami ya tsaya a baranda, ya haɗa tafin hannu, ya yi murmushi. "Baba, ana nan ana karatu? Na tuna muryarka, ta sa ni barci mai daɗi."

Sannan ya kewaye ƙafafun nan masu ƙyalli a hankali, don kar ya taka su, ya ɗaga labule ya shiga cikin hayaƙi.

Girija na tsaye da ludayi tana yi wa wani direba faɗa. Mutumin da gwamnoni ke durƙusa wa ya kwanta rub da ciki a kan toka, ya kwance tsumman, ya ajiye tsohon kwanon tagulla a gaban ƙafafunta masu faso, ya ce, "Guru, na dawo."

Ta dubi kwanon, ta dube shi, ta ce, "Ba na ce ka riƙe ba, ɗan nan? Tashi ka hau benci, har yanzu a rame kake."