Alfie Ba Ya Shiga Nan

Da kafaɗa Desmond ya tura ƙofar mashayar Baƙin Rago, don hannuwansa biyu suna rungume da faifan garmaho guda ɗaya tak, sai ka ce jariri ya ɗauko.

Yammacin Lahadi ne, wurin ya cika maƙil. Tsofaffin garin Grimsby sun zaƙulo rigunan fatar da tumbi ya daɗe da raba su da su, sun zo tuna mawaƙan zamaninsu da suka mutu bana. An jera hotuna a bango. Na Alfie Garside babu, alhali shi kaɗai ne ɗan garin, kuma a ɗakin nan ya fara waƙa, Desmond na buga masa ganga.

Kowa ya san dalili. Shekara hamsin baya, ranar bikin Mavis mai mashayar, Alfie ya shigo a kan babur har tsakar ɗaki, ya yi raga-raga da fiyanon mahaifinta. Mavis ta rantse ba zai ƙara shiga nan ba. Alfie ya je ya cika filaye da 'yan kallo a Jamus da Japan, amma wannan 'yar ƙofa ta gagare shi, kuma abin ya ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. A gadon asibiti ya damƙi hannun abokinsa ya ce, "Des, ka shigar da ni, ko ta taga ce." Desmond ya amsa, alkawari kuwa kaya ne.

Bayan Alfie ya mutu an ƙona gawarsa, sai Desmond ya zo da tokar a tulu cikin jakar cefane, ya lulluɓe da kabeji. Mavis ta leƙa sau ɗaya.

"Na ce ba ya shiga, da ƙafa ko a tulu. Fita da shi, tsohon banza. Kabejin ka iya bari."

Wata biyu ke nan da yin haka. Yau ma tun daga bakin ƙofa ta tare shi, tana lalube masa aljihu.

"Ina tulun?"

"Yana gida kan kabad. Wannan waƙa ce kawai. Ko ita ma kin kore ta?"

Mavis ta yi tsaki ta karɓa. Faifan baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari. Ta murza shi da gefen rigarta tana mitar cewa namiji ko ƙura bai iya gogewa ba. Ɗigon bai fita ba. Desmond dai ya ce ta bi shi a hankali.

Da hannunta ta sa faifan a garmaho, ta ɗora allurar. Faifan ya fara ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙwai, sannan muryar Alfie ta cika ɗakin. Kafin a kai amshi, masu sanda sun jingine sandunansu, masu ciwon gwiwa sun manta da likita. Mavis ta daure, ta daure, daga baya ƙafa ta ci amanarta. Ta yi rawa har takalmi ya fice, tana dariya tana share ido.

"Ja'irin ya iya waƙa," ta ce tana haki. "Amma faifan nan naka ƙazami ne, Des, ji yadda yake ƙara. Duk da haka ba ka tafiya da shi. Nan zai zauna bayan kanta, kowace Lahadi mu sa."

"Har abada?"

"Na taɓa yin magana biyu?"

Desmond ya zauna, farin ciki ya cika shi. Kamfanin da ya buga faifan bai nemi da yawa ba: cokali ɗaya na tokar Alfie suka kwaɓa cikin robar, kuma wannan ƙas-ƙas da Mavis ke kuka da shi, mutumin da ta kora ne yake juyi a bayan kantarta.