Makarar da Ba Ta Son Kafaɗa

An binne Malam Tanimu jiya da hantsi a Gusau, ba tare da kowa ya ɗauke shi a kafaɗa ba. Tun bara aka sauya makarun garin da masu tafiya da kansu, sumul, babu inda hannu zai kama.

Ɗansa Bashari ya tare ma'aikacin da ya kawo makarar a ƙofar gida.

"Malam, mahaifina ne. Bar ni in ɗauke shi ko taku goma."

"Allah ya ji ƙansa, Alhaji. Ai don ku aka ƙera ta. Ba ciwon kafaɗa, ba tunanin hanya."

"Wa ya kawo maka ƙarar kafaɗata?"

"Bincike ya nuna mutane suna gajiya."

"To, gajiyar muke so."

Ma'aikacin ya duba allonsa, ya ce babu gurbin rubuta wannan.

A hanya Bashari ya ɗora tafinsa a gefen makarar. Ta ɗauka cikas ne, ta tsaya cak, jama'a suka tsaya a rana. Sai da liman ya roƙe shi ya janye hannu, sannan ta ci gaba.

Ofishin makaru ya rubuta lamarin a matsayin tangarɗar na'ura. Har yanzu bai faɗi abin da zai gyara ba.