Inda Fim Ɗin Baba Yake Ƙarewa

"Ku zuba ido, nan ne ƙarshen!" in ji Baba, har da miƙewa tsaye.

Tun yana yaro yake mutuwar son fim ɗin nan: wani saurayi ya sa hular ƙarfe ya faɗa duniyar gem, wato wasan kwamfuta, yana tsere da babura masu walƙiya. Kaset ɗin gidansu ya sha kallo har ya gaji. Yau da ya samo fim ɗin a intanet, sai suka yi yarjejeniya da Auta, 'yarsa mai shegen son gem a waya: in jarumin ya bar wasan har abada, ita ma za ta ajiye nata duk hutun nan.

Ga shi kuwa, jarumin ya cire hular, ya rungume uwarsa, ya ɗauki littafi. Baba ya miƙa hannu. "Kawo wayar."

Sai jarumin ya leƙa, ya ga uwar ta fita. Ya mayar da hularsa.

"Baba, da saura fa," in ji Auta, tana danne dariya.

 Baba ya juya wajen mahaifiyarsa, Kaka. "Wallahi ƙari suka yi! Mama, namu ba nan yake tsayawa ba?"

Kaka ta ajiye ɗinkinta, ta ɗaga almakashi.

"Da wannan na datse zaren kaset ɗin, ka samu ka yi karatu. Matsa min daga gaban talabijin, yanzu ne ma fim ɗin zai yi daɗi."